Ranar da Muka Je Birmingham Gaida Kakana

Muna shafa addu'ar asuba muka ja ƙofa a Moss Side ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da Hajiyata, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi shi a hankali har ya gama da shi. Fim ɗin da za mu gani a Birmingham sai ƙarfe biyu na rana za a fara, tafiyar kuwa ba ta cika awa biyu ba a jirgin ƙasa. Na faɗa wa Hajiya haka tun ranar Juma'a. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ita ba kallo za ta ba, gaida mahaifinta za ta je, kuma ba a zuwa gaida uba da rana tsaka kamar wadda hanya ta biyo da ita. Na sayi tikitin farko.

Masu bibiyata da kuka yi ta tambayar dalilin shiruna na kwana biyu, ga shi nan. Sai da na bari zuciyata ta ɗan sauka kafin in rubuta, kuma ku yi haƙuri, har yanzu ba ta gama sauka ba.

Kakana, mahaifin Hajiya, maɗinkin manyan riguna ne. Ya rasu tana da shekara uku, kuma babu hotonsa ko ɗaya a duniya, don a lokacinsu talaka ba ya zuwa ɗaukar hoto. Yau Hajiya ta haura saba'in, ba ta san fuskar ubanta ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne labarin da mahaifiyarta, Inna, ta sha ba ta. Wata shekara a zamanin mulkin Turawa, wani katafaren kamfanin fim na ƙasar waje ya shigo garinmu da manyan motoci, suka kafa tantuna a bakin kogi, suka aika wa mai unguwa cewa suna neman dogayen maza arba'in. Kakana dogo ne. Ranar da za a ɗauke su ya fito da rigarsa ta Sallah, shuɗiya mai aska takwas, wadda ya ɗinka da hannunsa, ta sha bugu a mabuga har tana ɗaukar ido. Ya saka, ya kafa hula, ya tafi. Da la'asar ya dawo bai ce uffan ba. Da Inna ta matsa masa, sai ya ce shi ne mai ɗauke da garmaho, akwatin kiɗan nan mai ƙaton bututu. Daga nan bai ƙara tada maganar ba har ya koma ga Allah.

Sunan kamfanin ba zai fito daga bakina ba. Ba tsoro ba ne. Shi ma bai kama sunan kakana ba.

Wadda ta tono zancen ɗiyata ce, haifaffiyar nan, da ke jami'a a unguwar Edgbaston ta Birmingham. Ta ga sanarwa cewa wani ƙaramin gidan kallo na masu son tsofaffin finafinai zai yi mako guda yana nuna finafinan wannan kamfani, an wanke su an gyara, wai don tunawa da abin da ya bar wa duniya. A bayanin ɗaya daga ciki ta ga sunan kogin garinmu. Ta kira ni tana haki, Hausa da Turanci suna karo a bakinta: "Mum, wallahi I think shi ne, na garmaho ɗin nan!" Hajiya na zaune kusa da ni tana jin komai. Wata uku ta zo yi mana, saura mako uku bizarta ta ƙare, kuma gab da tahowarta aka cire mata yanar ido a Kano. Ta ajiye carbi ta ce ashe don wannan Allah ya buɗe mata idon.

Da muka isa tasha sai ga sanarwa: ana gyaran layin dogo, sai dai mu shiga doguwar mota zuwa Stoke, daga can mu hau jirgi. Ƙasar nan kenan. Duk ranar da talaka ya samu hutu, ranar ake tuna layin dogo yana buƙatar gyara. Hajiya ba ta damu ba. Ta sha leshi fari, ta yafa sabon mayafi shuɗi da ta sa na kai ta kasuwa muka zaɓo takanas don ya dace da rigar Baba, ta rungume jaka mai ɗauke da dambun nama, da filas ɗin shayi, da goro fari guda bakwai a ƙulle cikin ganye. Duk wanda ya shigo motar sai ta gaishe shi. Wasu ƙartin 'yan kallon ƙwallo, wuya duk zane, suka rasa yadda za su yi da ita, ƙarshe ɗaya ya tashi ya ba ta kujerar gefen taga.

Gari ya waye muna cikin karkara. Filaye kore shar, an yanka su da shingen ƙaya kamar da awo, tumaki jibga-jibga suna kiwo babu kowa a kansu. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina makiyayin. Na ce babu. Ta girgiza kai ta ce lallai mutanen nan ba su san darajar Layya ba. A Stoke na sayo wa kaina shayi a kofin takarda, fam uku da ɗoriya, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye daga nesa. Hajiya ta ɗanɗana, ta miƙo min, ta buɗe filas ɗinta mai citta da kanumfari. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Daga Stoke zuwa Wolverhampton tsofaffin masana'antu ne na jan bulo, tagogi a farfashe, da magudanan ruwa masu dogayen kwale-kwale da aka yi wa fenti kamar akwatin amarya. Ni ina kallon waje, Hajiya tana ba ni labarin riga. Ta san rigar nan kamar ita ta wanke ta. Ta san inda aska ta fara da inda ta tsaya, ta san shafin ciki ja ne, ta san wata nawa ya yi yana zaune a zaure da allura, yana aikin mutane da rana, tasa kuma yana taɓawa bayan la'asar. Ta ce ko an jera maza ɗari za ta gane shi da rigar. 

Babbar tashar Birmingham kasuwa ce aka yi wa rufi. Hajiya ta tsaya gaban matattakalar nan mai tafiya da kanta ta ce ita fa ba za ta hau abin da ba ya jiran mutum ba, sai da muka zaga neman lif. Muka hau ƙaramin jirgi, minti kaɗan sai ga mu a Edgbaston, wani ƙaton asibiti ya tokare sama a gefe guda, ɗalibai suna ta sauri da jakunkuna a ɗaya gefen. Ɗiyata na jiran mu a bakin tasha, ta ɗaura atamfa bisa umarnin kakarta, ta ɗora rigar sanyi mai kumburi a kai, ga takalmin gudu a ƙafa. Hajiya ta kewaye ta sau ɗaya ta ce, "Ke kuma wa ya ɗaura miki zanin nan, maƙiyinki?" Ta kwance mata shi ta sake ɗaurawa a nan bakin titi, yarinya tana ta "Hajiya, please, mutane suna kallo." A ɗakinta na flat ɗin ɗalibai muka huta, muka ci dambu da burodi, muka yi azahar, sannan muka kama hanya.

Gidan kallon tsohon gini ne, mai jan kafet da ya sha taku. A farfajiyar ciki an shirya baje kolin kayan kamfanin, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya ƙayatar. Fastoci manya-manya, hotunan taurarinsu mata da gashi a nannaɗe, tsohuwar na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku. A tsakiya, cikin akwatin gilashi, ga farar rigar da jarumar fim ɗinmu ta saka, an kunna mata fitila ita kaɗai, da kati mai bayanin wanda ya zana ta da wadda ta ɗinka ta. Hajiya ta manna ido a gilashin, jinin maɗinka ya motsa, ta ce ɗinkin keke ne, kuma kalmasar ma ba ta miƙe ba. A gefe akwai wani ƙaramin akwati, ciki an ajiye abin wuyan karen da ya fito a fim ɗin, da sunansa, da sunan mai horar da shi. Na karanta, na haɗiye, na wuce.

'Yan kallon yawanci tsofaffin Turawa ne masu furfura, masu fara'a, wasu har da sanda. Mu uku ne kaɗai baƙaƙe. Kafin a kashe fitila wani matashi mai kwat, wakilin kamfanin da ya gaji rumbun finafinan, ya hau dandamali ya yi ta zuba: zamanin zinare, masana'antar mafarki, yadda kakanninsu suka kai kyamara har ƙarshen duniya. Garinmu ne ƙarshen duniyar. Ina ta fama da gyara wa Hajiya zama da goge mata tabarau lokacin da wani rubutu ya gifta a allo kafin fim ya fara, don haka ban karanta ba. Ɗiyata ta karanta. Na ga ta juyo ta kalle ni, ta buɗe baki, ta fasa.

Labarin fim ɗin ba wani abu ba ne. Bature da Baturiya suna ratsa wani daji marar suna suna neman ɗan'uwanta da ya ɓata. An haɗa zakin wata ƙasa da gangar wata ƙasa da bukkar wata ƙasa an ce duk wuri ɗaya ne. Hajiya ba ta jin Turanci, ba ta kuma buƙata. Ta riƙe hannuna ta kafa wa allo ido. Can wajen tsakiya sai ga kogi, da dutsen nan mai kama da turmi a kife wanda duk ɗan garinmu ya yi wanka a gindinsa. Ta matse min yatsu har sai da na ji zafi, ta ce, "Ga gida. Ga gida nan." Baturen ya nuna ruwa da sanda. Kafin ƙiftawar ido sai ga su a ɗaya gaɓar, an kafa tanti, jaruma tana taje gashi, garmaho yana kan tebur yana kiɗa. Garmahon ya tsallake kogi da kansa kenan.

Na ce a raina wataƙila sai a dawowa. Muka jira. Aka gano ɗan'uwan, aka rungumi juna, kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: mai kwalliya, mai fitila, mai gyaran gashi, kare. Aka kunna fitilu, tsofaffi suna tafi. Hajiya ba ta saki hannuna ba. Ta ce, "An tafi hutu ne? Ina Baba?"

Ɗiyata ce ta sunkuyo ta faɗa min abin da rubutun farko ya ce: an cire wasu wurare daga fim ɗin saboda ba su dace da wannan zamani ba.

Jama'a, ni ba mai magana a taro ba ce. Shekara ashirin ina aikin haɗa magani a ƙasar nan, an zage ni a kan kanta na ce na gode. Amma da mai kwat ya dawo ya ce ko akwai mai tambaya, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ga tsohuwa nan ta taso tun asuba daga Manchester, kafin nan kuma daga Kano, don ta ga fuskar ubanta, yana cikin mutanen da suka tsallaka da kayan nan, ina kuka kai shi? Ya yi murmushin nan nasu na ba da haƙuri da ba ya kaiwa ido. Ya ce wurin tsallake kogin minti huɗu ne, an nuna 'yan Afirka ta hanyar da ba ta kamata ba, shi ya sa suka cire, don girmama mu.

Don girmama mu! Na ce wa kuka tambaya a cikinmu? Kun nemo jikan mai horar da kare ya ba ku abin wuya, amma maza arba'in da suka shiga ruwa da kayanku a ka ba ku nemi ko ɗaya daga zuriyarsu ba. Kakanninku sun yi abin kunya, ku kuma kun share wurin kun ce mu aka yi wa alheri. Ya ce cikakken fim ɗin yana rumbunsu, masu bincike suna iya cike fom, amsa takan ɗauki wata shida. Na ce masa mako uku ya rage mata. Ya ce ya fahimci yadda nake ji. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Wata tsohuwa a gabanmu sai share ido take.

Muna fita, Hajiya tana tafiya a hankali da ƙullin goronta a hannu, sai wani dattijo ya tare mu. Shi ne ya yaga mana tikiti da muka shigo, Bature ɗan Birmingham, rigar sanyinsa duk ta tsufa a gwiwar hannu. Ya ce tun yana saurayi yake juya na'urar majigi a gidan nan, kuma shekaru da yawa da suka wuce an taɓa nuna fim ɗin a talabijin ba a yanke ba, ya naɗa a kaset. Kaset ɗin yana ɗakin baya. Sannan ya dube ni ya ce ba abu ne mai daɗin kallo ba, ko zan fara gani ni kaɗai?

A nan na yi kuskuren da har yau yake cina. Fushi ya rufe min ido, na ɗauka shi ma irin na mai kwat zai yi mana, na ce babu wanda zai ƙara zaɓa wa Hajiya abin da za ta gani. Na zaci tsawa ce za a daka wa su kakana, ko a sa su durƙusa. Ban kawo komai a raina ba bayan wannan.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin ƙura da tsohon shayi, gwangwanayen fim jere har rufi. Ya jawo wa Hajiya kujera gaban wata tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ya tura kaset, ya yi ta gaba da shi har dutsen turmi ya bayyana. Baturen ya nuna ruwa da sanda. Sai ga su sun fito daga bayan ciyawa a jere.

Babu riga a jikin ko ɗaya. Babu wando, babu hula. Ɗan bante ne kawai, an shafe su da mai suna ƙyalli, an rataya musu ƙasusuwa da haƙoran dabbobi a wuya, abin da ba a taɓa gani a wuyan ɗan garinmu ba. Magidanta, masu sallah biyar, masu 'ya'ya. Na huɗu a layin dogo ne, ya fi kowa tsawo, garmaho a kansa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa talabijin baya da saurin da ban san tana da shi ba. "Ku kashe! Ku kashe, ba zan ga tsiraicin ubana ba."

Dattijon ya danna, hoton ya tsaya.  Ni dai na tsaya ina kallon bango, abubuwa suna ta haɗuwa a kaina. Mutumin da ya tufatar da rabin gari. Ya yi wata da watanni yana ɗinka riga, ya saka ta don a ɗauke shi a cikinta a kai Ingila a gani, ya isa bakin kogi aka ce ya tuɓe. Ina ya ajiye ta? A kan yashi, cikin tarin rigunan sauran? Ya gama, ya wanke man, ya mayar da rigarsa, ya koma gida ya kalli matarsa, ya ce shi ne mai ɗauke da garmaho. Iyakar abin da zai iya faɗa kenan ba tare da ya yi ƙarya ba. Shekara saba'in muna ba da labarin rigar da ba ta taɓa shiga fim ba, su kuma suna can suna kunna wa tasu fitila a cikin gilashi. Kuma wanda bai san Hausawa ba zai ce ai hoto ne kawai, ta daure ta kalla mana. Ba a yi 'yar da za ta kalli ubanta a haka ba, ko da kuwa shi ne ganin farko da na ƙarshe.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Hajiya, ki yafe ni. Mu tafi gida."  Kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi. Dattijon ya kai hannu zai zare kaset.

Sai ta warware mayafin daga kanta, ya rage daga ita sai ɗankwali, ta miƙo min ta baya ba tare da ta juyo ba. Ta ce, "Ku suturta shi."

Ɗiyata ta riga ni ganewa. Ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka shimfiɗa shi a fuskar talabijin. Na yi wa dattijon bayani, ya gyaɗa kai kawai, ya koma baya da kaset, ya matso da shi kaɗan-kaɗan har inda dogon ya fito daga ruwa ya zo dab da kyamara. Nan ya tsayar. Muka sauke mayafin a hankali zuwa wuyansa, muka rufe ƙasusuwan da duk abin da ke ƙasa. Shuɗin yadi ya zauna a kafaɗunsa. Na ce, "Hajiya, ya shirya."

Ta juyo. Matar da sai an kama ta take tashi daga kan darduma, ta sauka daga kujera ta durƙusa har ƙasa a kan kafet mai ƙura, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ina wuni." Sannan ta ɗago.

Hoton yana ɗan rawa kamar yadda tsohon kaset yake yi, amma fuskar ta fito sarai. Doguwar fuska, tsage uku a kowane kunci, goshin Hajiya sak, da kunnuwan nan da muke tsokanar ɗiyata da su tun tana ƙarama. Sauran mazan duk ƙasa suke kallo. Shi ya kafe kyamarar da ido, muƙamuƙinsa a ɗaure, kallon da na sani sarai don na sha shi a gida wurin Hajiya duk ranar da na yi laifi. Hannuwanmu suka gaji, muka ƙi saukewa. Hajiya ta kalle shi ta kalle shi, ta goge tabarau da bakin zani ta sake kallo. Can ta ce, a hankali, "Ashe yaro ne. Ai na haife shi."

A nan ɗiyata ta fashe da kuka, mayafin ya so ya zame, na daka mata tsawa ta riƙe da kyau.

Kafin mu fito ta ɗauki hoton allon da wayarta, da hannu ɗaya, fuskar da shuɗin yadin a ƙasa. Dattijon ya ɗauko biro ya tambayi sunansa. Tunda nake ban taɓa jin Hajiya ta kama sunan mahaifinta ba, amma ranar ta faɗe shi cikakke, har da na kakansa, ta ƙara da "maɗinki", ta sa na fassara. Ya rubuta a bayan kaset ɗin da manyan baƙaƙe. Ta kwance ganye ta zuba masa goron nan bakwai a tafin hannu. Ya tambaye ni me ake yi da su. Na ce ci ake yi, amma ya shirya wa ɗaci.

Jirgin yamma muka biyo, wannan karon kai tsaye, an gama gyaran da aka ce. Mayafin yana naɗe a cinyarta, ta ƙi yafawa duk da sanyi, sai rigar ruwata na saka mata na ja mata hular. Ba ta kalli tumaki ba. Wajen Stafford na tambaye ta ko in rubuta abin da ya faru ko in bar shi a tsakaninmu. Ta ce in rubuta, kunyar ba ta Baba ba ce. Mun shiga Moss Side ana kiran magariba a wayoyin mutane, yayyafin safe yana nan inda muka bar shi.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, kuma ba mai daɗi ba. Duk wanda ya ce muku ga zamanin zinare, ku tambaye shi wa ya ɗauko zinaren a ka, da me yake sanye da shi lokacin. Kuma in wanda ya yi maka laifi ya ce ya goge wurin don girmama ka, kansa ya wanke. Na cike fom ɗin nasu duk da haka, na rubuta sunan kakana a kowane layi da ya samu wuri, kuma duk mai labarin wani nasa da ya shiga ruwan nan ya nemo ni. Maza arba'in ne, mun samo ɗaya.

Jiya ina tattara kayan wanki na ga mayafin a kan gadon Hajiya, duk ƙurar talabijin a jikinsa. Na kai hannu zan ɗauka, ta riƙe min wuyan hannu. Ta ninke shi da kanta, ninkin manyan riguna, hannu a ciki, ta sa a ƙasan akwatinta ta ɗora turare a kai. Na ce ai sabo ne, sau ɗaya ta yafa. Ta ce, "Ke, rigar Baba ce. Wa ya taɓa yafa rigar ubansa?"